Me ya sa 'yan Sin ke cewa za su sare hannunsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina karatu a Wuhan, ƙasar Sin. Tun da Nuwamba ta kama, abokiyar zamana ba ta ajiye waya, kullum cikin saye take, sai ta dafe kai ta ce "duo shou". Jiya kuma ta ce wata mai kamawa ƙasa za ta ci. Me take nufi? Daga 'yarki a Wuhan.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. "Duo shou" sare hannu ke nan. Mutum ya yi ta saye a intanet har aljihu ya bushe, sai ya rantse in ya ƙara taɓa wayar nan zai datse hannunsa. Masu wannan hali har suna suka yi wa kansu, "duo shou dang", jam'iyyar masu sare hannu. Cin ƙasar kuwa "chi tu" ne: kuɗin abinci ya tafi a kaya.

Ba banza kike jin su yanzu ba. Ranar 11 ga watan 11 ita ce Ranar Gwauraye a can, saboda lamba ɗaya har guda huɗu da suka jeru, kowace tana tsaye ita kaɗai kamar gwauro. A 2009 kamfanin Alibaba ya mai da ita ranar rangwame, kuma a 2021 ya ce cinikin bikin ya kai yuan biliyan 540.

Kalmar da ta fi tsaya min a rai ita ce "zhong cao", shuka ciyawa. Kina kwance da dare, wata ta nuna jan baki a manhajar Xiaohongshu, ta shafa a bayan hannunta, ta juya shi a haske. Ba ki nema ba, amma sha'awa ta tsiro. Ranar da kika saya, ko kika haƙura, an ce kin "ba cao", kin cire ciyawar. Akwai kuma "yue guang zu", waɗanda albashinsu ke ƙarewa ƙaf kafin wata ya mutu.

Abin da ke damuna, 'yata, da-na-sanin ya zama abin dariya, kuma in an yi dariya sai a koma saye da sauƙi. Matasa da yawa da bashin Huabei, wani tsarin rance na cikin waya, suke biya, su ci yau, wata mai zuwa a zo karɓa. Ki tambayi abokiyar zamanki a hankali ko da bashi take saye. In ta sake cewa ƙasa za ta ci, kada ki ɗauka duka wasa ne; ki lura ko tana cin abincin dare, in ba ta ci ki zuba mata a naki.