Albashi Ya Maƙale, Ana Kuma Jifanmu Da Habaici A Rediyon Jirgi

Tambaya: Ranka ya daɗe Kyaftin, ni mataimakin matuƙi ne a wani ƙaramin kamfanin jiragen cikin gida, kuma yawancin tashina daga filin Malam Aminu Kano ne. Wata uku ke nan ba a biya mu cikakken albashi ba. Wasu sun shiga yajin aiki, mu kuwa muna ci gaba da tashi saboda iyali da bashin horo. Idan muna sama sai masu goyon bayan yajin su riƙa kiranmu maciya amana a mita 121.5, wato mitar rediyo da aka ware wa jirage don kiran gaggawa, har sau ɗaya na kasa haƙuri na mayar da martani. Wani na gaba da ni ya ce ba komai, wai mitar zaman banza take yi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin lasisina yana cikin haɗari?

Amsa: Ɗana, ƙorafinka na albashi gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne a ƙananan kamfanoni. Lokacin da jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka cikin Fabrairun 2009, mutum 50 suka mutu, bincike ya nuna albashin mataimakiyar matuƙin bai wuce kimanin dala 16,000 a shekara ba, kuma daga Seattle ta kwana tana tafiya kafin ta kama aiki. Ni kaina akwai kamfanin da ya rufe da haƙƙina na watanni, na yi ta zarya ofis-ofis ana ce mini fayil yana kan teburin oga, har na gaji. Ka adana takardar ɗaukar aikinka da takardun albashi, ka kai wa ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE, idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai kotun ma'aikata. Ranar da damuwa ta hana ka barci kuwa, ka faɗa a fili cewa ba ka cikin yanayin tuƙi.

Amma maganar wannan na gaba da kai ita ce ta tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu furfura. Wai mitar gaggawa zaman banza take yi! Shirun da kake ji a 121.5 shi ne aikinta. An bar ta fanko ne domin wanda injinsa ya mutu, ko hayaƙi ya turnuƙe masa ɗakin tuƙi, ya sami inda zai ce Mayday sau uku a ji shi nan take. Da ita ce kuma jami'in kula da zirga-zirga yake lalubo jirgin da ya ɓace masa daga mitar aiki. Ka sani rediyonmu ba wayar salula ba ne da mutum biyu za su yi magana lokaci guda a fahimce su. Muddin ka danna maɓalli, wanda ya danna tare da kai ya shiga uku, abin da zai fito ƙara ce mai tsinka kunne, kai kuma ba za ka ma san ka toshe kowa ba, tunda mai magana ba ya jin komai. Daga tsayin ƙafa 35,000 muryarka tana kaiwa sama da kilomita 300, wato zagin da ka yi a saman Kano yana iya danne kiran wanda yake neman agaji a wajen Kaduna.

Ka tuna hatsarin filin jirgin Tenerife, wani tsibiri na ƙasar Sifaniya, ranar 27 ga Maris 1977. Jami'in hasumiya yana gaya wa jirgin KLM ya dakata sai an kira shi, a daidai wannan daƙiƙar jirgin Pan Am yana sanar da cewa har yanzu yana kan titin tashi. Maganganun biyu suka ci karo, matuƙan KLM ba su tsinci komai sosai ba sai kalmar amincewa ta farko da ƙara a bayanta, ga hazo ya rufe filin, sai jirgin KLM ya ci gaba da gudun tashi har ya yi karo da na Pan Am. Mutum 583 suka halaka. Waɗancan biyun magana mai muhimmanci suke yi, ba su da laifi a danna maɓallin, amma duk da haka ga inda aka kwana. To, ina ga wanda ya danna domin ya rama gori?

Akwai ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda na sha gani da idona. Surutu ya yi yawa a rediyo na biyu, wanda ake barinsa a kan 121.5, sai kyaftin ya miƙa hannu ya murɗe sautin ƙasa domin ya ji hasumiya da kyau, ya manta bai ɗaga ba har sauka. Ka ga ke nan masu habaici sun kurmantar da jirgin da ko kallonsu bai yi ba. A lokacin hunturu, da hazo yake sa jirage su yi ta shawagi suna jiran sauka a Kano man jirgi yana raguwa, ko a lokacin jigilar alhazai, wannan ganganci ne da rayukan bayin Allah, kuma shugaban kamfanin da ya riƙe muku kuɗi ba ya sauraron 121.5 balle zagin ya same shi.

Game da lasisi, kada ka yarda da masu cewa ba a gane murya. Ana naɗar maganganun rediyo, ƙa'ida kuma a ajiye su aƙalla kwana 30, hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya tana da ikon dakatar da lasisi, kamfanin da kuke rigima da shi kuwa dalilin kora yake nema. Ka sanar da wakilin ƙungiyarku abin da ya faru, ka rubuta ranar da lokacin, idan an tambaye ka kada ka musa. Gobe kafin ka nemi izinin kunna inji, ka duba rediyo na biyu yana kan 121.5, ka ɗaga sautinsa daidai, duk wanda ya kira ka maci amana ka bar shi da bakinsa, ka rubuta lokacin a takarda ka kai rahoto bayan ka sauka.