Aikin jinya a Riyad, babu coci: ta yaya zan riƙe bangaskiyata?

'Yar'uwa, kin ce kin samu aikin jinya a Riyad, amma zuciyarki na dukan uku-uku don babu majami'a, ga Lahadi ranar aiki. Gaskiya ne, babu coci ko ɗaya a Saudiyya, kuma doka ta hana sujadar Kirista da wa'azi a fili. Tun 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, don haka ni Juma'a ta zame mini Lahadi. Nakan rufe ɗaki da safe, in buɗe Littafi Mai Tsarki a waya, in rera waƙa a hankali, wani lokaci har da hawaye don kewar gida.

Kada ki raba takardun bishara, ina roƙonki, zai iya jawo miki kamu da kora. Daniyel ma aikin gwamnati ya yi a Babila, maƙiyansa suka bincika aikinsa ba su sami laifi ba.

Akwai wata tsohuwa da na yi jinya, bayanta duk gyambon kwanciya. Kowane awa biyu nake juya ta, ko da tsakar dare, babu mai gani. Ran nan 'yarta ta riƙe hannuna ta ce me ya sa ba na gajiya? Na ce Yesu nake bi. Ta yi shiru, ta ce Allah Ya saka mini.

Da azumin Ramadan kuma, ki ci abincinki a ɗakin hutu, kada ki sha ruwa a gaban masu azumi.