Kafin Ki Sayi Na'ura, Ki San Abin da Za Ki Auna

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya, ina digiri na biyu a kan riɗi. Abokan karatuna sun ce mu haɗa kuɗin tallafinmu mu sayi tsohuwar na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri ta auna yawansu. Me ka gani?

Amsa: 'Yata, kada ku saya. Wahalar wannan na'ura a riƙonta take. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa da ruwan sinadari mai tsananin tsabta irin su methanol, kuma ranar da famfonta ya tsaya, samun mai gyara kansa aiki ne.

Me kike nema a cikin riɗin? In yawan mai ne, tukunyar tatsar mai ta Soxhlet da ruwan sinadarin hexane sun wadatar, kuma za ki tarar kusan rabin ƙwayar mai ne. In nau'in man kike so, wato oleic da linoleic, aikin na'urar GC ne, wadda ke rarrabe sinadarai bayan ta mai da su iska. In kuwa jimillar sinadaran phenol ce, hanyar Folin-Ciocalteu ba ta da tsada: ruwan ya rikiɗe ya zama shuɗi, a karanta shuɗin da na'urar auna haske a nanomita 765, a gwada da sinadarin gallic acid a matsayin ma'auni. Sai dai ki kula, bitamin C ma yana shuɗanta ruwan, don haka lissafin kan haura gaskiya. Na sha ganin ɗalibai sun manta da wannan, abin yana damuna.

Sesamin da sesamolin, wasu sinadarai biyu na riɗi, su ne ke buƙatar HPLC. Nan ki biya ɗakin gwajin da ke da ita, ki sayi tsantsar sinadaran biyu da za a gwada samfurinki da su, ki niƙa irin ya yi laushi, ki maimaita kowane awo sau 3.

Tambaya: Ina sana'ar gyaɗa a kasuwar Dawanau. Ɗan tsinken gwajin aflatoxin ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Ƙwarai, Alhaji, domin tantance kaya kafin ka biya. Amma gubar nan da fumfuna ke haifarwa takan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan, shi ya sa dintsi ɗaya daga bakin buhu zai iya yaudararka. Ka ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ka haɗa ka niƙa tare. In Turai kayan za su, iyakarsu ta jimillar aflatoxin a gyaɗar ci maikirogiram 4 ce a kilo ɗaya, kuma takardar ɗakin gwajin da aka amince da shi za su nema a hannunka.