Amsar Tambayar Alhaji Kan Birkin Gaban Tsohuwar MG

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, ranka shi daɗe, na saurari saƙonka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni a gareji. Ka ce motar marigayi Baba, MGA ɗin nan ta 1957 ƙirar kamfanin MG da ta yi shekaru a kulle nan Gusau, kun tashe ta, amma in ka taka birki sai ta fizge hagu, ƙafa kuma ta nutse kusan ƙasa. Kana tambaya ko a cire duram ɗin gaba a sa mata na faifai irin na motocin yanzu.

Ni dai shawarata kar a cire. Haka anka ƙera ta a Ingila, duram gaba da baya, mai faɗin inci 10, a 1959 ne sunka fito da samfurin 1600 mai faifai a gaba. Motar ba ta da nauyi, duram ɗin na tsai da ita sarai in an gyara shi da gaskiya. Kuma abin Baba ne, a bar shi yadda ya san shi.

To ga inda matsalar take. Kowace tayar gaba silinda biyu gare ta, kowane takalmin birki da tasa. Mota in ta daɗe a ajiye, man birki na shan danshi, cikin silinda ya yi tsatsa, fistin ya maƙale. Fizgar hagu da kake ji, galibi na dama ne ba ya kamawa, ko kuma mai ko giris ya jiƙa lainin, wato abin da ke manne jikin takalmin yana gugar duram. Shi ya sa ban yarda a gyara gefe guda ba. Duk silinda huɗun na gaba za a buɗe. Wadda cikinta ya yi ramuka, ko sabuwar roba ka sa sai ta yi yoyo, canza ta za a yi. Tiyon roba ma haka, waje ka gan shi lafiya lau, ciki ya kumbura ya toshe. Alhaji, nan ne ba na son a yi tsimi, don layin mai guda ɗaya ne a wagga mota. Wuri ɗaya ya fashe, birkin taya huɗun duk ya tafi, sai birkin hannu. A buɗe masta ita ma, wato babbar silindar da ke tura mai in an taka birki, a jikinta na kuloci yake, mai ɗaya suke sha.

Yaron da zai kwance, ya ɗauki hoto da waya tukun, kuma ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan. Na taɓa karɓar aikin da anka juya takalman baibai, mai motar na ta danna ƙafa, mota na tafiyarta. Kuma don Allah kar ya hure ƙurar da baki ko da iskar famfo, tsohon lainin akwai asbestos ciki, yana lalata huhu. Tsumma mai laima ya ishe shi.

Lainin da ya sha mai, jefar da shi. Wankin fetur da ƙonawar nan da ake yi, in ya ɗau zafi man dawowa yake. Duram kuwa in ya yi zane a kai wa masu inji su ɗebe kaɗan, biyun daidai wa daida, kar a wuce iyaka ya yi siriri. Sifirin ɗin takalman a sa sababbi. Man birki kuma DOT 4, ban da baƙin mai, ban da ruwan sabulu, wallahi na ga ana zubawa.

An haɗa, sai saiti. Akwai rami jikin duram, ka zura sukundireba ka murɗa har taya ta kama, ka dawo ƙas ɗaya. Wuri biyu ne a kowace tayar gaba, kar a manta ɗaya. Sannan a cire iska, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Gwaji kuma a hankali, wurin da ba jama'a, a yi ta takawa sama-sama har lainin ya zauna.

Kayan, a fara tambaya Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba har yau ana yin sababbinsu a Ingila. Ka sa a cire min duram ɗin dama a turo hoton cikinsa nan, in Allah ya kai mu Asabar bayan La'asar zan biyo gida in gani da idona.