Tambaya da Amsa: Yara Nawa Ke Kammala Rigakafi a Najeriya?

Tambaya: Kullum muna jin ana shelar rigakafi a rediyo. Shin ana samun ci gaba kuwa, ko wuri guda muke tsaye? Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Malam, ana samun ci gaba, amma tafiyar hawainiya ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa yana duba yara 'yan wata 12 zuwa 23, ya ƙirga waɗanda suka karɓi dukkan alluran farko: BCG na tarin fuka, Penta (allurar da ke kare yaro daga cututtuka biyar) sau uku, ɗigon shan inna sau uku, da allurar ƙyanda. A 2003 kashi 13 cikin ɗari ne kacal suka cika. A 2008 aka kai 23, a 2013 aka samu 25, a 2018 kuma 31, binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna 39. Wato bayan shekara ashirin, har yanzu yara shida cikin goma ba su kammala ba.

Wannan lissafi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye abin da ya fi damun mu. A 2018 Anambra na da kashi 76, Sakkwato na da 5. Ƙyanda kuwa sai an yi wa kashi 95 na yara allura biyu kafin ta daina yaɗuwa a gari. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, wanda ya fi tsananta a Kano, yawancin waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba.

Tambaya: An yi wa ɗana Penta ta farko, sai na tafi wankan gida, yanzu wata huɗu ke nan ban koma ba. Sai an sake daga farko? Daga wata uwa, Zariya.

Malama, ba a sakewa. Ki ɗauki katinsa ki koma a ranar awo mafi kusa, a ɗora daga inda aka tsaya, da tazarar aƙalla mako huɗu tsakanin allura da allura. In katin ya ɓata ma ki je, akwai rajista a asibitin.

Tambayarki ta taɓa inda gizo ke saƙar. A 2018 kashi 65 na yara sun karɓi Penta ta farko, amma 50 ne suka kai ta uku. Allurar tana kare cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, cutar sandarewar jiki, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da ciwon huhu. Guda ɗaya ba ta isa, sai ukun sun cika kariyar ke kama jiki sosai.

Zuwan gaba ɗaya shida ne: ranar haihuwa, mako 6 (kwana biyu bayan arba'in), mako 10, mako 14, wata 9 don ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai wata 15 don ƙyanda ta biyu. Iyaye da yawa suna yankewa saboda zazzaɓi da kumburin cinya bayan Penta. Wannan kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A yawaita ba shi nono, a rage masa tufafi. Idan ya yi jijjiga, ko ya ƙi mama, ko zazzaɓin ya zarce kwana biyu, a kai shi asibiti nan take. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida kuma ƙari ne, ba ya maye gurbin waɗannan allurai.

Tambaya: Sau biyu ana mayar da matata daga wurin rigakafi wai yara ba su taru ba. Me ya sa? Daga wani magidanci, Azare.

Malam, kwalbar allurar ƙyanda galibi ta yara 10 ce, ta BCG kuma ta 20. Da zarar an haɗa garin maganin da ruwansa, bayan awa shida dole a zubar da ragowar, shi ya sa wasu ma'aikata ke jin tsoron buɗewa don yaro ɗaya ko biyu. Muna ganin wannan kuskure ne babba, domin uwar da ta biya kuɗin mota sau biyu a banza da wuya ta dawo na uku. Gara a yi asarar magani da a rasa yaron. Ka tambayi shugaban asibitin takamaiman ranar da suke buɗe waɗannan kwalabe, ka kuma kai koken ga kwamitin ci gaban mazaɓarku.

Wani lokaci matsalar sanyi ce. Ana ajiye allurai tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyos. Penta tana lalacewa in ta daskare, ɗigon shan inna kuma zafi ne ke kashe shi. A jikin kwalba akwai ɗan murabba'i a cikin da'ira. In ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, ba a amfani da maganin. In wannan ne dalilin da aka ba ta, ma'aikaciyar ta yi daidai, sai dai wajibi ne ta rubuta mata ranar dawowa a katin.