Guzurin kwana shida a ƙafa zuwa Chappal Waddi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ku huɗu ne, za ku taka a ƙafa ta cikin dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba har ku hau dutsen Chappal Waddi a watan Janairu, kwana shida kuka ware, kana neman sanin abin da za ku zuba a jaka na ci. Sau biyu na yi tafiyar nan, kuma a kan abinci na fi shan wahala, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi, rafuka sun ja baya. Sai dai ku san cewa dutsen nan mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi tsayi a Najeriya, kuma sanyin dare a can sama ba irin na gari ba ne. Jikin da ya wuni yana hawa da kaya a baya, ya kwana yana kokawa da sanyi, abinci yake nema ninki.

Zuwanmu na farko shinkafa muka ɗauka, da wake, da gwangwanayen kifi, har da doya. A dare na uku muka ɗora wake tun bayan magariba. Iccen da muka tsinto ya ƙare, muka ƙaro, ya sake ƙarewa, waken nan yana nan tsaye kamar tsakuwa. Daga baya na fahimci dalili: a irin wannan tsayin ruwa yana tafasa tun wajen digiri 92, bai kai 100 ba, don haka tukunya na ta ɓararraka amma zafinta bai kai na gida ba. Gari da sukari muka sha muka kwanta, washegari ƙafafuna rawa suke. Gwangwanin kuma ka cinye abin ciki, ka ci gaba da dakon ƙarfen, tunda ba a yar da shara a dajin.

Tun daga nan na koma ga guzurin da fatake suka sani tun da can: busasshe, mai maiƙo, wanda ko ba wuta za a ci. Lissafin ba shi da wuya. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 9, na gari ko sukari 4 kawai. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, na garin rogo wajen 350. Mai irin wannan tafiya yakan ƙone 3,000 zuwa 4,000 a wuni. Ni busasshen abinci giram 800 nake aunawa na kowace rana, kwana shida ya kusa kilo 5 ke nan, sai in ƙara na kwana ɗaya saboda ɓacin rana. Ku sa a sikeli, kada ku auna da ido.

Da safe garin kunun tsamiya nake damawa da ruwan zafi, in zuba madarar gari da sukari, in bi da shayi. Minti goma an gama. Da rana ba ma hura wuta sam. Dabino, soyayyiyar gyaɗa, aya da dakuwa suna aljihun gaba, inda hannu zai kai ba tare da an sauke jaka ba, ana tafiya ana jefawa a baki. In an zauna sallar azahar sai a jiƙa gari, a marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Kada ku jira sai yunwa ta kama ku, a kan hawa in ƙarfi ya tsinke dawo da shi aiki ne.

Abincin dare shi ne na kirki, kuma a nan nake so ku kashe kuɗi. Dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau ya fi komai yi mini amfani, ba nauyi, ba ya lalacewa a kwana shida, kuma duk abin da ka barbaɗa shi a kai ya zama abinci. Taliya ko kuskus da dambu, da cokali biyu na man shanu, da yaji. Wani daren tuwon garin masara da miyar kuka, daddawa da busasshen kifi dakakke a ciki. Wallahi ban manta tuwon da muka ci a gindin dutsen ba, hazo ya rufe ko'ina, kowa ya yi shiru sai ƙarar cokali. Kilishi ma yana da kyau, amma a takarda za ku naɗe shi, a leda gumi yake yi ya yi funfuna. Kuma yana jawo ƙishi, ku bar shi sai kun sauka kusa da ruwa.

Abin da na fi so ka riƙe: ku ƙulla abincin kowace rana daban, ku rubuta lamba a jiki. In duk a buhu ɗaya yake, dabino da dambu za su ƙare a rana ta biyu, ku ƙarasa tafiyar da gari gaya. Na ga abokai na ƙut da ƙut sun daina magana a kan ƙullin sukari.

Za a ce muku akwai rugagen Fulani a saman tsaunukan, za ku samu nono da kindirmo. Gaskiya ne, mun samu, mun kuma ga karamci. Amma da rani wasu sukan gangara da shanu kwari, kuna iya tarar da ruga babu kowa. Kada ku sa shi cikin lissafi. Ku riƙe canji, da ɗan ganyen shayi da sukari na kyautatawa, madarar da aka tatso kuwa a tafasa ta.

Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ba ya ɗaukuwa na kwana shida, daga rafi za ku riƙa ɗiba. Ko ya yi garau ku tafasa, ko ku jefa ƙwayar tsabtace ruwa ku jira minti 30, domin shanu da namun daji ma nan suke sha. In gudawa ta kama wani, a haɗa masa ruwa mai tsabta lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da dare ku rataye jakar abinci a reshe, ku ɗaure bakinta tam saboda tururuwa, da rana kuma kada ku bar ta ita kaɗai inda birai suke.

Ba za ku shiga ba tare da ɗan jagora ba, don haka in kun je ofishin gandun dajin a garin Serti ku tambaya tun farko ko abincinsa a kanku yake, haka ma masu dako in za ku ɗauka. Mu huɗu muka auna wa a karon farko, mu shida muka ci. Ka faɗa mini ta ɓangaren Mambila za ku hau ko ta ƙauyen Gashaka, don in ta Mambila ne kuna iya cikasa gari da sukari a Nguroje, ba sai kun ɗauko su tun daga gida ba.