Amsa kan aikin ƙarfe a Saudiyya

Wa alaikumus salam Malam, ka tambaya ko akwai aiki a kamfanonin rodi anan Saudiyya. Gaskiya buƙatar ƙarfe ta ƙaru sosai saboda gine-ginen Vision 2030 (shirin gwamnati na bunƙasa ƙasar), irin su sabbin biranen NEOM da Qiddiya, kuma babban mai yinsa shine kamfanin Hadeed dake garin Jubail, a da na kamfanin sinadarai na SABIC ne, a 2023 aka sanar PIF (asusun zuba jari na gwamnati) zai saye shi. Da gas suke sarrafawa amma ɗanyen ƙarfen daga waje ake kawowa, falanki ma da yawa na China ne.

Maganar aiki kam, Nitaqat (tsarin kason aiki na 'yan ƙasa) ta sa 'yan ƙasa ake fara ɗauka, mu baƙi sai ta hannun 'yan kwangila, walda ko ɗaurin rodi, shima sai iqamarka (takardar zama) tana da kyau.